Hula a Mota Marar Rufi

"…Lafiya lau. Ya mutanen Kano? Ya uwar taka?"

"Duk lafiya, tana gaishe ki da kyau."

"Ina amsawa. Ya garejin, ya shan baƙin mai?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta wata biyar da suka wuce. Da mijin kirki na aura da tuni ya zo ya duba ta."

Iya Sabuwa ce ke wannan magana, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Masanawa, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Wanda ke durƙushe a gabanta jikanta ne Zayyad, makanike a Kano, ɗan babban ɗanta marigayi. Ya zo ne ya kai ta Gwarzo barkar ƙanwarsa Kamila, wadda ta sauka shekaranjiya. Sai dai yau ya durƙusa can nesa, inda hannun tsohuwar ba zai kai kansa ba.

Akwai dalili. Tun yana ɗan shekara bakwai, ranar da aka fara saya masa hular Sallah, wasansu ɗaya ne: da ya sunkuya gaisuwa sai ta fisge hular ta danne ta a ƙarƙashin cinya, ba za ta fito ba sai ya fanshe ta da goro. Yau kuwa hular nan ba ta fisguwa. Wata huɗu ke nan ana ɗura masa maganin ciwon daji a wani asibiti a Kano, maganin ya share masa gashin kai tas, ya haɗa har da gira, shi ya sa ya ƙara da baƙin tabarau. Uwarsa da baffanninsa sun yi shawara sun yanke kada tsohuwa ta ji. Ranar da aka zo mata da rasuwar ubansa faɗuwa ta yi, ta kwana tara ba ta san wanda ke kanta ba, hawan jinin da ya kama ta tun lokacin bai sake ta ba har yau. Ita kuma ta dame su da aike, ta ce in Zayyad bai zo ba za ta hau mota ta bi shi Kano. Aikinsa na yau ke nan: ya kai ta Gwarzo, ya dawo da ita, hula tana bisa kansa.

"Matso mana," in ji ta. "Ko warin tsufa nake yi?"

"Ai daga nan ma yana isowa. Wanda ya raɗa miki Sabuwa ya ci amanar suna."

"Ni Sabuwa ce har kabari. Kai ne ka tsufa kana ɗan talatin. Dubi wuya kamar na zakaran da aka fige. Tuwon Kano ya daina kama jiki ne?"

"Azumi nake yi na neman tsari da ke."

"To ba a karɓa ba, ga ni nan. Wannan baƙin gilashin fa? Satar me ka yi kake ɓoye ido?"

"Hasken kyanki ne yake kashe mini ido."

"Maƙaryaci, jikan maƙaryaci. Ɗauko mini ƙunshin can, daddawar mai jego ce da kuka. Ka riƙe da hannu biyu, ta fi ka daraja."

Ya ɗauko, ya yi gaba da sauri don kada ta biyo shi ta baya. A ransa yana hamdala, gaisuwa ta wuce hannunta bai tashi ba.

A ƙofar gida motar take. Tasa tana kan jak a gareji ba taya, wadda ta samu ita ce wata tsohuwar jar mota ta wani mutumin maigidansa, irin wadda rufinta yake naɗewa baya. Rufin ya naɗe ya ƙi dawowa, abin da aka kawo ta gyara ke nan. Wai mutumin da ke ɓoyon kansa shi ne ya ɗauko mota marar rufi! Amma makanike ne, su kuwa gani suke babu abin da salatif ba ya riƙewa. Duk hulunansa sun yi masa yawa tunda gashi ya tafi, sai ya kai wannan hular ƙube wajen mai wankin hula ya ce a ɗora ta a ƙaramin kan icce ta tsuke. Da safe kuma ya nannaɗe salatif ya liƙa ta ciki, gaba da baya. Daga Kano zuwa Masanawa a hankali ya zo, hula ba ta ko motsa ba.

Iya Sabuwa ta tsaya ta dafa sanda, ta dubi motar daga gaba zuwa baya.

"Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Rabin motar. Ko ɓarayi sun kwashe jinkar a hanya kana gyangyaɗi?"

"Ke dai ƙauyanci ya ƙi barin ki. Haka aka ƙera ta, don manyan mutane su sha iska."

"Iska muke sha a Masanawa tun ba a haifi maƙerin ba. Wannan ai ƙwarya ce aka sa wa ƙafa. In ruwa ya sauko fa?"

"Sai ki yi wankan da kika shekara kina gudu."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗaura mini aure da kai. Buɗe mini in shiga."

Ya buɗe mata, ya ɗaura mata bel tana ƙorafin an ɗaure ta kamar akuyar kasuwa. Ta jawo mayafinta shuɗi mai furanni ta rufa bisa ɗankwali, ta ƙulla shi a ƙarƙashin haɓa, ƙulli biyu. Shi kuma ya zagaya ya zauna, ya sauke kujerarsa ƙasa iya saukarta, ya ɗaga gilasan gefe duka biyu, ya turo hular gaba ta rufe goshi. Haka masu irin wannan mota suka gaya masa ana yi: ka maƙale a bayan gilashin gaba, iska ta bi ta saman kanka ta wuce.

Hanyar ƙasa ta taimake shi. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ci hanya, dawa ta yi tsayi hagu da dama, babu mai tuhumar direba don ya lallaɓa. Da suka hau kwaltar da ta miƙe zuwa Gwarzo kuwa, sai uzuri ya ƙare. Zayyad ya tsayar da allura a kan arba'in. Shi ne fa Zayyad ɗin da duk Masanawa ta san shi da gudu, wanda in ya shigo gari mata ke kwashe kaji daga hanya.

Wani mai babur ya wuce su da tumaki biyu a ɗaure a baya. Iya Sabuwa ta bi shi da kallo har ya ɓace.

"Tumakin can za su riga mu ganin jaririyar."

"Su ai yanka za a kai su, dole su yi sauri."

"Mu kuma sai an yaye ta za mu isa. Jakin kakanka Malam Ya'u, Allah ya ji ƙan mai shi, da ciwon kofato ya fi wannan tafiya."

"Lallaɓa ki nake. Tsohon kaya in aka girgiza shi warwatsewa yake, ni kuma ban zo da buhu ba."

"Ni da na hau bayan a-kori-kura daga nan har Funtuwa a tsaye, da goyon ubanka? Taka mota, malam."

"Ba tawa ba ce."

"Da can ɗin naka ne kake gudu da su?"

Ya kafe ido a kan titi. Wani yaro a keke ya kusa kamo su, yana ɗaga musu hannu. Tsohuwar ta juyo ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallon gefen fuskarsa.

"Maigida, lafiyarka kuwa?"

Da muryar wasa ta faɗa, amma ya san ba wasa ba ne. Tsoro ya kama shi sosai. In ya ci gaba da rarrafe za ta gane akwai abin da ke damunsa, in ya taka kuma hula ce a hannun iska. Ya auna biyun, ya ga tambayar tsohuwa ta fi iska haɗari.

"Lafiyata ta fi taki. Riƙe haƙoranki biyun nan, kada su faɗa miki ciki."

"Uku ne, ɗan baƙin ciki!"

Ya sa giya, motar ta yi ƙara ta zabura. Sittin. Saba'in. Iska ta fara zagayowa ta baya tana taɓa masa ƙeya, abin da masu ba shi shawara ba su faɗa masa ba. Ya ji gefen hular yana ɗagawa kaɗan yana komawa. Ya ɗora hannun hagu a kai ya danne, dama na kan sitiyari.

"Yauwa, yanzu na ji na hau mota!" Sai da ta ɗaga murya saboda iska. "Amma da hannu ɗaya ake tuƙi a Kano?"

"Gwanaye ke yi."

"Me ka ɓoye a ciki? Gorona ne, ko?"

"Asirin tuƙi ne. In ya fita sai mu kwana a gonar dawa."

"Dubi nawa, ko motsi. Mu mata mun gama da iska tun tuni. Ku kuwa kun ɗora gwangwani a kai kuna yi masa gadi. Ƙara wuta!"

"Ke ba kya tsoron mutuwa?"

"Ta san gidana, ba sai ta tare ni a titi ba. Ƙara!"

Tamanin. Casa'in. Rana ta ɗaga, zufa ta fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hular, ya ji salatif ɗin gaba ya saki yana zamewa. Kafaɗarsa ta hagu ta gaji. Tun da aka fara maganin nan ƙarfinsa bai kai rabin na da ba, ɗaga hannu na minti biyar ma aiki ne. Ya cije, ya ƙara sunkuyar da kai, yana lissafin saura kaɗan su hango Gwarzo. A zuciyarsa addu'a ɗaya yake maimaitawa, Allah ya rufa masa asiri ya kai ta lafiya.

Sai ga babbar mota ta taho daga gaba, maƙare da buhunan masara, ta ci rabin hanya. A gefensu kuma wani rami ne ruwa ya haƙa a bakin kwalta. Babu zaɓi. Zayyad ya sauke hannu ya kama sitiyari da biyu, ya ratsa tsakanin ramin da babbar motar. Iskar da ta biyo bayanta ta doke su gaba ɗaya. Ya ji sanyi a tsakiyar kansa. A madubi ya hango hular tana birgima a kan titi, ta tsallaka kwalbati ta shige cikin dawa.

Ya rage gudu, ya gangara gefe ya kashe mota. Shiru, sai kukan tsuntsaye a gona. Bai saki sitiyari ba. Ya kasa juyawa ya dube ta, kunne kawai ya kasa yana sauraron numfashinta, yana jiran ya ji irin faɗuwar da aka ba shi labari.

Hannu ya ji a fuskarsa. Ta zare masa tabarau a hankali ta ajiye a cinyarta. Sannan ta ɗora tafinta a kansa, tafi mai kaushi mai ƙanshin gyaɗa, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya. Ta ɓamɓare guntun salatif da ya maƙale masa a bayan kunne ta yar.

"Wane wanzami ne wannan? Har gira ya haɗa."

"Sabon yayi ne a Kano." Bai dube ta ba.

"Zayyad."

Ba ta kiran sunansa sai magana ta wuce wasa. Ya sunkuyar da kai.

"Ciwon nan ne da ake ɗura wa mutum magani gashi ya zube?"

"Shi ne, Iya."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Me likita ya ce? Kada ka rage mini komai."

"Ya ce yana ja da baya. Saura zuwa biyu, sannan a sake dubawa. Sauran na Allah ne."

"Duka na Allah ne."

Ta janye hannunta, ta dubi gonar da hular ta shiga. Ya saci kallonta. Ba ta faɗi ba, idonta ne kawai ya kaɗa, leɓenta na ƙasa yana rawa tana danne shi da haƙoran nan uku.

"Shekara ashirin da uku ina fisge maka hula," in ji ta, "ban taɓa ganin ka ja da baya ba sai yau. Kana durƙusawa can na san akwai abin da ke ƙarƙashinta. Na ce in fisga, hannuna ya ƙi. Na ce in tambaya, na san ƙarya za ka yi mini, an koya maka ita tun daga Kano. Da na ga motarka ba jinka sai na ce to, bari iska ta yi mini aikin."

"Ashe da gangan kika sa ni gudu?"

"Ni me zan yi da gudu? Hanjina yana wuyana tun daga sittin."

Dariya ta so ƙwace masa, hawaye suka riga ta.

"Tsoro muka ji, Iya. An ce ranar Baba…"

"An ce, an ce. Wa ya tambaye ni abin da ya kayar da ni ranar ubanka? Wata shida ɗana yana kwance a Kano, kowa ya sani har maƙwabta, ana ce mini aiki ne ya riƙe shi. Ina nan ina zagin sa a raina, wai ya manta da uwarsa. Rana ɗaya aka zo aka ce in yi haƙuri. Ko sau ɗaya ban ɗaga hannu na roƙa masa sauƙi ba, don ban san yana nema ba. Abin da ya kayar da ni ke nan, kuma shi yake hana ni barci har yau. Mutuwa ai na san ta, na binne miji, na binne 'ya'ya uku. Shi ne kuka sake haɗuwa za ku maimaita mini."

Zayyad ya rufe fuska da hannu. Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin wata huɗun da ya hana ta. Wata mota ta wuce, mutanen ciki suna leƙen jar mota marar rufi da mai ƙwalƙwal ɗin kai a ciki, bai ma kula ba.

"Ki yafe mana."

"Uwarka da baffanninka sai na gan su, da su zan yi. Kai kuwa ba ka da hankalin da za a riƙe ka da laifi." Ta share ido da bayan hannu. "Kan nan kake ɓoye mini? Ranar sunanka a cinyata wanzami ya aske shi. Na riga uwarka sanin yadda yake, har wannan lotsawar ta bayan. Tun lokacin na ce wannan kai ba zai yi boko ba."

"Ai gadonki na yi."

"Rufe mini baki. Sunkuyo."

Ta kwance ƙulli biyun da ke haɓarta, ta zare mayafin, ya rage ɗankwali kawai a kanta. Ta ninka shi a tsaye, ta fara naɗa masa a kai, zagaye bayan zagaye, tana motsa baki da addu'a tana tofawa a kowane zagaye. Da ta gama ta cusa bakin ta baya ta ja da ƙarfi.

"Wayyo, za ki fasa mini kai!"

"Babu komai a ciki da zai zube. Wannan ko jirgin sama ka tuƙa ba za ta tashi ba."

Ya leƙa madubi. Rawani ne shuɗi mai jajayen furanni, ya karkace gefe guda.

"Yanzu da mayafin tsohuwa zan shiga Gwarzo? Gidan surukan Kamila?"

"Matarka ce ta ba ka, wa zai yi magana? Kyauta ce, ba na son goro."

"Bari dai in shiga dawar nan in nemo hulata."

"Bar wa mai gona, ya kafa ta a sanda ta kora masa tsuntsu. Ta fi amfani a can."

Ya kai hannu ga makulli, sai ta riƙe masa wuyan hannu. Riƙon ya fi ƙarfin shekarunta.

"Saurara, maigida. Ranar da za a koma ɗura maka maganin, da ni za a je. In zauna a bakin gadon, in ga mai sokar mini miji da allura."

"Za ki tsorata likitoci."

"Su tsorata. Kuma ka ji da kyau, na yi wa kakanka takaba wata huɗu da kwana goma, ta ishe ni. Ba zan yi wa miji na biyu ba. Kai za ka kama makarata, ka sa ni a rami, ka dawo ka ci tuwon sadakata kana ƙorafin ba gishiri. Ka yarda?"

"In Allah ya yarda, Iya."

"Na ce kai ka yarda?"

"Na yarda."

"To madalla." Ta sake shi, ta gyara zama, ta rungume ƙunshin daddawarta. Sai ta yi 'yar dariya. "Na sallama, ka fi jakin Malam gudu. Yanzu tayar da ƙwaryar nan mu tafi a hankali, ina da addu'ar wata huɗu da zan rama kafin mu kai Gwarzo."